Wa Ya Ce A Buɗe Wuta? Kaset Ɗin Da Ya Hana Jami'ar Kent Rufe Magana

Ranar Litinin, 4 ga Mayu 1970, da hantsi, wani ɗalibi mai suna Terry Strubbe ya ɗora makirufo a bakin tagar ɗakinsa da ke Johnson Hall, a Jami'ar Kent State ta jihar Ohio a Amurka. Ya kunna rikodarsa irin ta da, mai zare a kan faifai biyu, ya fita kallon zanga-zanga. Na'urar ta yi ta juyawa ita kaɗai kusan minti 30. Ta naɗi ihun ɗalibai da hayaniyar fili, sannan ta naɗi daƙiƙa 13 na ruwan harsashi. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi dakarun tsaron jihar Ohio suka saki harsashi kimanin 67, suka kashe ɗalibai huɗu, suka jikkata tara.

Wanda ya kashe su ba ɓoyayye ba ne. An san rundunar, an san sunayen sojoji 28 da suka yi harbi, akwai hotuna birjik. Abin da aka shafe fiye da shekara 50 ana taƙaddama a kai shi ne dalili. Me ya sa sojojin da suka riga suka juya baya, suna hawa tudu don komawa inda suka fito, suka waiwayo kusan a lokaci guda suka saita bindiga? Firgita ce ta kama su, ko wani ne ya ba da umarni?

A daren 30 ga Afrilu Shugaba Nixon ya fito a talabijin ya ce sojojin Amurka sun shiga Kambodiya. Matasan da aka yi wa alkawarin kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam, waɗanda kuma su ne ake kwasa a kai fagen daga, suka ga an ƙara faɗaɗa shi. Washegari Juma'a aka yi taro a jami'ar Kent, da dare aka farfasa gilasan shaguna a cikin gari. Ranar Asabar da dare aka ƙona ginin katako na horar da ɗalibai aikin soja da ke cikin jami'a, kuma har yau kotu ba ta tabbatar da wanda ya fara cinna wutar ba. Magajin gari LeRoy Satrom ya nemi agaji, dakarun jiha suka shigo. Ranar Lahadi Gwamna James Rhodes, wanda ke da zaɓen fid da gwani nan da kwana biyu, ya zo Kent ya yi ta dukan tebur a gaban 'yan jarida, yana kwatanta masu zanga-zangar da mafi munin mutanen da Amurka ke ɗauke da su. Gari kuwa ya cika da jita-jita: wai 'yan tada ƙayar baya sun shigo da makamai, wai za a zuba ƙwaya a ruwan famfo.

Ranar Litinin da tsakar rana mutane wajen dubu biyu zuwa uku suka taru a filin tsakiyar jami'a. Janar Robert Canterbury ya ce a watse. Aka harba barkonon tsohuwa, iska ta kwashe shi. Sojoji suka kora ɗalibai suka haye wani tudu da ake kira Blanket Hill, suka gangara ɗaya gefen, sai sojojin suka tsinci kansu a filin atisayen ƙwallo wanda shinge ya tare gabansa. Sun yi kusan minti goma a wurin. An jefe su da duwatsu daga nesa, wasunsu suka durƙusa suka saita bindiga amma ba su harba ba. Hotuna sun nuna wasu daga cikinsu sun haɗa kai kamar masu shawara. Daga nan suka juya suka nufi tudun. Da ƙarfe 12:24, suna isa ƙoli kusa da ginin Taylor Hall, wani rukuni ya juyo ya buɗe wuta, mafi yawa zuwa wajen ajiye motoci na Prentice Hall.

Bayanin farko da shugabannin rundunar suka bayar shi ne cewa wani maharbi ne daga ɓoye ya fara harbinsu. Wannan bai daɗe ba ya rushe, kuma yadda ya rushe abin lura ne. A gaban Taylor Hall akwai wani sassaƙen ƙarfe na mai fasaha Don Drumm, wanda harsashi ya huda ranar. Gefen hujin da ƙarfen ya tsage ya bankaro yana fuskantar inda sojoji suka tsaya, don haka aka yi ta cewa ai ga shaida nan, harsashin daga wajen ɗalibai ya fito. 'Yan jaridar Akron Beacon Journal suka samo farantin ƙarfe irinsa, suka sa aka harbe shi da bindiga irin ta sojojin. Sai ga tsagewar ta bankaro ta gefen da harsashin ya shiga. Wato abin da aka ɗauka hujja ce a kan ɗalibai ya koma hujja a kan sojoji. Hukumar FBI ma ta bincika ba ta samu wani maharbi ba. Hujin na nan a jikin ƙarfen har yau.

Sai aka koma ga bayani na biyu: rayuwarmu na cikin haɗari, ɗalibai sun yo kanmu. Nan kuma ma'auni ya yi magana. Wanda ya fi kusa da sojoji cikin duk waɗanda harsashi ya samu shi ne Joseph Lewis, yana nisan mita 22. Cikin mamatan, Jeffrey Miller yana nisan mita 81, Allison Krause 105, William Schroeder 116, Sandra Scheuer kusan 120. Akwai wanda aka samu a wuya daga nisan da ya haura mita 200. Scheuer aji za ta je. Schroeder kuwa shi kansa ɗalibi ne mai karɓar horon soja. Ba wanda aka samu da makami cikinsu. Wani kyaftin, Ronald Snyder, ya taɓa cewa ya tsinci ƙaramar bindiga a jikin Miller, daga baya ya amsa a kotu cewa ƙarya ya yi. Taƙaitaccen rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta fitar daga binciken FBI ya ce akwai dalilin zaton cewa maganar "muna cikin haɗari" bayan faruwar abin aka ƙirƙire ta. Kwamitin da Nixon ya naɗa a ƙarƙashin William Scranton ya ce harbin ba shi da wani dalili, kuma ba shi da uzuri.

Duk da haka ba a ɗaure soja ko ɗaya ba. Masu tantance tuhuma na jiha sun wanke sojoji, suka gurfanar da mutum 25, ɗalibai da wani malami da wasu matasa. A 1974 gwamnatin tarayya ta tuhumi sojoji takwas, alƙali Frank Battisti ya kori ƙarar kafin ta kai ƙarshe. A 1975 iyaye da waɗanda aka jikkata suka sha kaye a ƙarar neman diyya, suka ɗaukaka, sai a Janairun 1979 aka yi sulhu a kan dala 675,000. Dean Kahler, wanda harsashi ya samu a baya ya bar shi a keken guragu, ya karɓi 350,000. Iyayen kowane mamaci suka samu 15,000. An haɗa da takardar nuna nadama wadda masu ƙara suka ɗauka a matsayin ban haƙuri, waɗanda suka sa mata hannu kuma suka ce ba haka ba ne. Hafsoshi duk sun rantse babu wanda ya ba da umarni.

Ita jami'ar kuwa, a shekarun nan so take a manta. A 1975 ta janye hannu daga shirya taron tunawa na shekara-shekara, ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu suka ci gaba da yi. A 1977 ta yanke shawarar gina ƙarin ɗakin wasanni a kan wani ɓangare na filin da abin ya faru. Mutane suka kafa tantuna a wurin na kwana 62, aka kama 193 a rana ɗaya, har da iyayen ɗaya daga cikin mamatan, aka kuma yi ginin. Wanda ya ga wannan ba zai yi mamakin cewa tarin takardun shari'ar da lauyoyi da masu goyon bayan iyalan suka tara, maimakon su zauna a Ohio, sai suka ƙare a ɗakin karatu na Jami'ar Yale, ɗaruruwan kilomita daga Kent. A cikin waɗannan akwatuna akwai kwafin naɗin Strubbe a ƙaramin kaset, wanda aka yi wa lauyoyi lokacin shari'a.

Ba wai ba a san da naɗin ba. A 1974 an kai shi ga kamfanin Bolt Beranek and Newman, masana sauti da suka yi aiki a kan kaset ɗin Watergate, suka nazarci ƙarar harbe-harben da inda suka fito. Hankali a lokacin yana kan bindigogi. Muryoyin da ke gabanin harbin, waɗanda iska da ihu suka danne, ba su samu irin wannan kulawa ba.

Alan Canfora ne ya koma musu. Shi ne ɗalibin da ke kaɗa baƙar tuta a gaban sojoji a wani sanannen hoto na ranar, kuma harsashi ya same shi a wuyan hannu. Ya shafe rayuwarsa yana bin wannan magana. Ya nemi kwafin daga Yale, a 2007 ya kira 'yan jarida ya kunna musu, ya ce ga umarnin nan: a nan, ku shirya, ku saita, ku harba. Wasu suka ce sun ji, wasu suka ce ƙugi kawai suke ji. Larry Shafer, ɗaya daga cikin sojojin da suka yi harbi, ya gaya wa wata jaridar yankin cewa shi bai ji wani umarni ba ranar, kuma kalmomin da Canfora ya ambata ba haka ake jera wa soja umarni ba.

A 2010 jaridar Plain Dealer ta Cleveland ta kai kwafin ga masana biyu da ke tace sauti don kotuna, Stuart Allen da Tom Owen. Suka rage ƙugin da kwamfuta, suka ce akwai muryar namiji da ta kira dakarun, sannan ta ce su shirya harbi. Wani ya yi ihu a kwanta ƙasa. Aka sake kiran dakarun, bayan daƙiƙa biyu wuta ta tashi. A lura: umarni ne dai, amma ba kalmomin da Canfora ya ji ba. Kaset ɗaya, kunnuwa biyu masu neman abu ɗaya, jimloli biyu daban. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya ja birki.

Bayan 'yan watanni Allen ya ƙara jefa wani dutse a rijiyar. Ya ce kimanin daƙiƙa 70 kafin ruwan harsashin akwai hayaniyar kokawa, da ƙara huɗu da suka yi daidai da na ƙaramar bindiga mai lamba .38. Nan take kowa ya tuna da Terry Norman. Ɗalibi ne mai ɗaukar hoto, yana yawo ranar da abin kare fuska daga hayaƙi, yana ɗaukar hotunan masu zanga-zanga yana kai wa 'yan sandan jami'a da FBI. Daga baya FBI ta amsa cewa ta taɓa biyansa dala 125 a watan Afrilun 1970. Yana kuma ɗauke da bindiga .38, kuma kyamarar wani gidan talabijin ta ɗauke shi bayan harbin, ana binsa a guje, yana miƙa bindigar ga ɗan sanda. Ma'aikatan talabijin ɗin sun ce sun ji jami'in da ya buɗe ta yana cewa an harba ta sau huɗu. Jami'in ya musanta. Norman ya ce ya zaro ta ne don kare kansa, bai harba ba, kuma ba a taɓa tuhumarsa da laifi a kan lamarin ba.

Labarin Norman yana da daɗin ji, domin yana ba mutum mugu ɗaya da zai nuna da yatsa. Ni dai ban ga ya warware komai ba. Ko da an yi harbin, daƙiƙa 70 lokaci ne mai tsawo ga wanda aka ce firgita ce ta sa shi danna kunama. Sojojin sun ci gaba da tafiyarsu, sannan suka juyo tare, suka harba zuwa wajen ajiye motoci, inda ɗaliban da suka fi tsokanarsu a filin ƙwallo suke.

A 2012 Ma'aikatar Shari'a ta ƙi sake buɗe shari'ar. Ta ce masanan FBI sun saurari kaset ɗin, muryoyin ba sa fahimtuwa, ƙarar huɗun nan kuma ta fi kama da bugun ƙofa a kusa da rikodar. Allen bai yarda ba. A nan maganar kaset ta tsaya a hukumance.

To amma kaset ɗin Strubbe ba shi kaɗai ba ne muryar da aka adana. A 1990, lokacin cika shekara 20, wata marubuciyar wasan kwaikwayo mazauniyar garin Kent, Sandra Perlman Halem, ta fara naɗar muryoyin mutanen da suka zo taron tunawa. Ba ta tsaya kan shugabannin ɗalibai ba. Duk wanda ke da abin faɗa ya zauna ya faɗa: tsohon ɗalibi, malami, mutumin gari, har da sojan da ya yarda ya yi magana bisa sharaɗin a sakaya sunansa. Daga baya sashen adana tarihi na ɗakin karatun jami'ar ya karɓi aikin ya ci gaba da shi, hirarrakin suka haura ɗari, aka rubuta su kalma da kalma aka sa a intanet tare da sautin. Jami'ar da a da take gudun sunan ranar, ita ce yanzu ke riƙe da tarin takardu da hotuna da wasiƙu na 4 ga Mayu. A 1999 ta killace wuraren huɗu da mamatan suka faɗi, aka daina ajiye mota a kansu. A 2012 ta buɗe cibiyar baƙi a cikin Taylor Hall. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma a shekarar Craig Simpson da Gregory Wilson suka fitar da littafi da aka gina kan waɗannan hirarraki.

Wanda ya shiga hirarrakin yana neman wanda zai ce "ni na ba da umarni" zai fito hannu rabbana. Mutane sun saɓa wa juna kan abubuwa da dama: yawan duwatsun da aka jefa, kusancin taron, tsawon lokacin harbin. Bayan shekara 20 ko 40, abin da mutum ya gani da idonsa yakan cakuɗe da hoton da ya gani a jarida. Mai aikin tarihin baka ya san da wannan, shi ya sa ba ya ɗaukar murya ɗaya ya gina hukunci a kanta. Yana jera su, ya gwada da hoto, da taswira, da rahoton likita, da abin da mutumin nan ya faɗa wa FBI a makon farko.

Amma akwai abin da muryoyin ke bayarwa wanda babu shi a takardun kotu. Mutum bayan mutum yana cewa bai taɓa zaton akwai harsashin gaske a bindigogin ba, har sai da ya ga jini. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ɗalibai suka tsaya kallo a fili maimakon su gudu. Akwai masu ba da labarin yadda suka koma gida a daren, wani na kusa da su ya ce musu da ma an harbe fiye da haka. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a lokacin ta nuna kashi 58 cikin ɗari na Amurkawa sun ɗora laifin a kan ɗalibai, kashi 11 kawai suka ɗora wa sojoji, amma adadi daban ne, jin muryar wanda aka faɗa wa haka a ɗakin iyayensa daban. Sojojin ma an ji ta bakinsu: matasa ne, wasu sa'annin ɗaliban, an kwaso su kai tsaye daga aikin yajin direbobin manyan motoci, ba isasshen barci, abin rufe fuska ya hana su gani sosai, bindigar yaƙi ce kuma a hannunsu cike da harsashi. Sannan kusan kowa na tuna Farfesa Glenn Frank, malamin ilimin duwatsu, wanda bayan harbin ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai da suka zauna a ƙasa suka ƙi tashi, yana roƙonsu murya na rawa su watse kafin a yi musu kisan kiyashi. Suka tashi. An naɗi muryarsa, ita ma tana nan.

Idan aka haɗa duka, ga inda nake ganin maganar ta tsaya. Babu maharbin ɓoye. Babu haɗarin da ya kai a yi kisa. Ma'auni ya gama da wannan. Juyowar da sojoji fiye da goma suka yi a tare, wadda shaidu da yawa suka bayyana tun kafin a san abin da ke cikin kaset, ta fi kama da ta mutanen da suka ji wata alama ko suka yi wata yarjejeniya, fiye da ta mutanen da tsoro ya ruɗa kowa da kansa. Kaset ɗin ya ƙarfafa wannan zato, bai mai da shi yaƙini ba, kuma bai faɗi sunan mai muryar ba. Canfora ya rasu a Disambar 2020 yana kan bakansa. Manyan hafsoshin da za a tambaya su ma ƙasa ta rufe musu ido. Laifin da ba ya buƙatar kaset kuwa shi ne na waɗanda suka aika soja da harsashin yaƙi cikin makaranta da tsakar rana.

Kwana 11 bayan Kent, 'yan sanda suka buɗe wuta a Kwalejin Jackson State ta baƙaƙen fata a Mississippi, suka kashe Phillip Gibbs da James Earl Green, suka jikkata 12. Duniya ba ta riƙe sunayensu kamar yadda ta riƙe na Kent ba. Launin fata na cikin dalilan, haka ma ƙarancin hotuna, domin da tsakar dare aka yi.

Mu ma muna da tamu ranar. A 23 ga Mayu 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, zamanin da Farfesa Ango Abdullahi ke shugabanta, suka yi harbi. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Gwamnatin Babangida ta naɗa kwamitin Janar Abisoye, kuma gardamar adadin ba ta mutu ba. Ɗaliban da ke harabar ranar yanzu sun ba sittin baya ko suna gab da ita. Masinjoji, masu gadi, ma'aikatan asibiti da masu shaguna a bakin ƙofa sun girme su. Idan akwai ɗaya daga cikinsu a gidanku, ku nemi izininsa, ku kunna waya, ku fara da sunansa da ranar hirar da inda yake tsaye lokacin da ya ji ƙarar farko. Kada ku gyara masa labari ko da ya saɓa da abin da kuka karanta. Ku ajiye kwafi a wurinku, ku kai ɗaya ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, ɗaya kuma Gidan Arewa a Kaduna.